Amsar Tambaya: Sauya Aikin da Ƙaramin Aji Ya Gada

Wani ɗalibi daga Gummi ya tambaya: me zai sa ya sake rubuta aikin da ƙaramin aji ya riga ya gada a Java?

Ɗana, duba manhajar asibiti. Ajin Majinyaci yana da aikin lissafa magani. Amma yara, irin waɗanda gubar dalma ta kama a Anka da Bukkuyum a 2010, da nauyin jikinsu ake auna maganinsu. Sai ajin Yaro, wanda ya gaji Majinyaci, ya riƙe sunan aikin, ya sauya cikinsa. Za ka ce sharaɗin "idan yaro ne" ya wadatar. Yau dai ya wadatar. Gobe masu juna biyu da tsofaffi su shigo, sharuɗɗa su bazu ko'ina, gyara ɗaya ya ɓata goma. Duk lokacin da ka sauya aikin da aka gada, ka riƙa sa @Override, don Java ta kama kuskuren suna tun kafin manhajar ta fara aiki.