Me Ya Sa Manhajarka Ke Ƙin Tashi a Tsohuwar Kwamfuta?

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin kare furojet, yau ina so mu duba wata matsala da kan kunyata mutum a gaban malamai. Ka rubuta manhaja da C ko C++, ta yi aiki lafiya lau a kwamfutarka, ka kwafe ta a filasha ka kai ɗakin gwaji, sai injin can ya ce maka bai sami GLIBC_2.34 ba. To fa! Alhali abin da ka rubuta ba shi da laifin komai.

Ga yadda abin yake. Kwampaila irin GCC ba ya cusa komai da komai cikin fayil ɗin da ya haɗa maka. Ayyuka irin su printf da malloc suna zaune ne a wani laburare na babbar manhajar kwamfutar, wanda a Linux ake kira glibc. Duk sanda manhajarka za ta tashi, aron su take yi. Kowane aiki yana da lambar zubinsa, kuma lokacin haɗawa ake rubuta wannan lamba cikin fayil ɗinka.

Ubuntu 22.04 tana zuwa da glibc 2.35, Ubuntu 20.04 da 2.31, CentOS 7 kuwa da 2.17. A zubi na 2.34 aka sabunta aikin da ke kiran main, shi ya sa ko manhaja mai layi biyar ka haɗa a 22.04, za ta iya ƙin tashi a 20.04. Sabon laburare yana adana tsofaffin ayyuka, amma tsoho bai san da zaman sababbi ba. Wato dai abin da aka haɗa a tsohon inji yakan tashi a sabo, na sabo kuwa ba lallai ya tashi a tsoho ba.

Shawarata ita ce, tun kafin ranar, ka je injin da za a yi gwajin ka buga ldd --version ka ga lambarsa. Sannan ka haɗa manhajarka a kan zubi irinsa ko wanda ya girme shi. Docker ko VirtualBox za su ba ka tsohuwar Ubuntu cikin kwamfutarka. In kuma GLIBCXX ne ya yi ƙorafi, wannan laburaren C++ ne, sai ka ƙara -static-libstdc++ da -static-libgcc wajen haɗawa. Amma ka sani, wannan ba ya magance matsalar glibc.

'Yan Windows ma ba ku tsira ba. In aka ce babu VCRUNTIME140.dll, sai a saka Visual C++ Redistributable. Kuma Python 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7.

Don Allah kada wani ya ce zai sauya glibc na injin makaranta da hannu. Kusan kowane umarni, har da ls, a kansa ya dogara. In ya lalace, injin ma ba zai tashi ba. Ka koma tsohon zubi ka haɗa abinka, da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.