Idan Zane da Kod Suka Raba Gari

Manhajojin zana tsarin shirin kwamfuta, irin su Rational Rose da Together, sun zo da alƙawarin tafiya da dawowa: a zana tsarin da harshen zane na UML, wanda ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997, manhajar ta fitar da kod daga zanen, idan kuma aka gyara kod ɗin da hannu, gyaran ya koma cikin zanen.

Tafiyar ba ta da wuya, dawowar ce ke ba da wahala, domin zane yana faɗin abin da kod ba ya faɗa. A UML, alaƙar littafi da shafukansa ana nuna ta da baƙar alama mai kusurwa huɗu, ma'ana shafukan mallakin littafin ne, idan ya tafi sun tafi. Alaƙar ɗakin karatu da masu aron littattafai kuwa layi ne kawai. Amma a harshen Java dukansu biyu jeri ɗaya suke zama. Manhajar da ta karanta kod ɗin ba ta da yadda za ta gane wanne ne wanne, sai ta yi kirdado, zanen ya dawo a gurgunce. Ɓarnar da ta fi ciwo ita ce a sake fitar da kod ya hau kan aikin hannu na makonni ya share shi.

Magani na farko shi ne a tsayar da magana tun ranar farko: zane ne asali, ko kod? Aikin da bai amsa wannan ba, kowane ɓangare zai riƙa gyara inda ya ga dama har a rasa na gaskiya.

Idan zane ne asali, kada abin da manhaja ta fitar ya cakuɗu da abin da mutum ya rubuta. A tsarin EMF na Eclipse, duk sashen da aka fitar yana ɗauke da alamar @generated. Wanda ya gyara shi sai ya mai da alamar @generated NOT, manhajar ta tsallake wurin. Dabara ce mai kyau, sai dai mantuwa ɗaya ta isa a yi asara. Raba fayiloli ya fi aminci. Harshen C# tun 2005 ya ba da damar raba aji (wato class) ɗaya cikin fayil biyu, na manhaja daban, na hannu daban. Inda babu wannan, akwai shawarar masanin manhaja John Vlissides: a bar ajin da aka fitar yadda yake, a rubuta wani da zai gaje shi, a zuba gyare-gyare a can. A kuma riƙa sake fitar da kod a duk lokacin haɗa shirin, don saɓani ya fito fili tun yana ƙarami.

Idan kuwa kod ne asali, a riƙa ciro zane daga gare shi don bayani kawai, a jefar idan ya tsufa. Ga yawancin ƙananan ayyuka, wannan hanya ta fi arha, ta kuma fi tsira.