Darasi: Aikin Jinya a Ƙasashen Waje



Wata ɗalibata ta Islamiyya, wadda ta gama Makarantar Ungozoma ta Malumfashi, ta same ni bayan karatun la'asar. Wai wani dillali ya ce in ta kawo kuɗi zai samo mata aikin asibiti a Saudiyya cikin wata guda, har mahaifinta ya fara shirin sayar da masarar bana. Na ce mata, "Ke dai dakata tukuna." Wannan ne dalilin darasinmu na yau.

Aikin jinya yana da asali a Musulunci. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take kula da waɗanda suka ji rauni, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Amma fita waje yana da ƙa'idoji.

Na farko, lasisin gida. Sai kina da rajista da Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, kuma lasisinki bai ƙare ba. Ita ce ke tabbatar wa hukumomin waje cewa takardunki na gaske ne. A watan Fabrairun 2024 ta fitar da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance shi, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. Don haka ki tambayi hukumar da kanki sharaɗin da ake bi.

Na biyu, lasisin can. A Saudiyya, kamfanin DataFlow ne ke bincikar takardu, sannan a zauna jarrabawar Prometric kafin hukumar ma'aikatan lafiya ta ƙasar ta yi rajista. A Ingila jarrabawa biyu ce: ta kwamfuta, wadda ake iya yi tun daga gida, da ta gwajin aiki, wadda sai an je can. Amurka kuwa tana da tata, NCLEX.

Na uku, harshe. Ingila na neman maki 7 a jarrabawar IELTS a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu, ko kuma a ci ta OET. A Saudiyya da Turanci ake rubuta bayanan asibiti, amma mara lafiya da Larabci zai gaya miki inda ke masa ciwo. Kun ga amfanin Islamiyya ke nan, sai dai a ƙara da Larabcin yau da kullum.

Wadda ba ta son nisa da gida, akwai tawagar likitocin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, da ke ɗaukar ma'aikatan jinya su kula da alhazanmu na 'yan makonni.

A kula, duk wanda ya ce ba jarrabawa, ba tantancewa, kuɗi kawai, to ki guje shi. Mata da yawa sun tafi da sunan aikin asibiti sun ƙare a aikatau. Ki yi shawara da maigida ko iyaye, ki karanta yarjejeniyar aiki, ki yi istihara. Kada kuma ki manta matan ƙauyukan Funtua da Bakori da Ƙafur, su ma suna jiran hannunki.

Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri, amin.