Ƙurar Asbesto, Huhu da Ɗakin Tiyata

Kawuna kafinta ne, ya fi shekara talatin yana yanka silin asbesto da zarto, ko ƙyalle ba ya sawa a hanci. Bara ya fara haki da ciwon ƙirji. Gwaji ya nuna sankara ce a tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mesoteliyoma. Ni na yi jinyarsa lokacin hutu, ga kuma abin da na koyo.

Tun 1960 likitoci a Afirka ta Kudu suka nuna alaƙar cutar da ƙurar asbesto. Ba ta da gaggawa, takan yi shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana.

Da aka fara maganar tiyata, na ɗauka aikin likitan sa barci allura ce kawai. Ashe ba haka ba ne. Ya tambayi Kawu sana'arsa da ko yana shan taba, ya sa shi hura iska a na'urar auna ƙarfin huhu, aka kuma duba zuciyarsa. Dalili kuwa, yayin aikin ana zura bututu mai hanya biyu a maƙogwaro, a sace iskar huhun da za a yi wa aiki, ɗayan shi kaɗai ya riƙe numfashi. In wannan ɗayan ba shi da ƙarfi, iskar oksijin sai ta yi ƙasa a jini.

Aikin iri biyu ne: ko a ɓare tantanin a bar huhun, ko a cire huhun ɗungurungum. Jini na zuba sosai, don haka ana tanadarsa tun da wuri. Ƙarin ruwa kuma da lissafi ake yi, kada ya taru a huhu. Bayan aiki akan bar siririn bututu a gadon baya yana kai maganin kashe zafi, domin wanda ciwo ya hana tari, nimoniya na jiransa.

Kawu dai huhunsa bai kai ba. Ruwan da ya taru a ƙirjinsa aka zuƙe, numfashi ya ɗan sassauta.

'Yan'uwa, musamman 'yan sashen gini masu fita SIWES: kada ku yanka ko ku fasa tsohon silin ko rufin asbesto a bushe, kuma takunkumin ƙyalle ba ya tare ƙurarsa. In kuna da dattijo mai haki a gida, ku tabbata ya faɗa wa likita aikin da ya yi, ko da ya daɗe da barinsa.