Yaron da sanƙarau ya kurumtar: aikin uwa da uba

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun san sanƙarau. Ciwon rani ne. Yana zuwa tare da ƙura da zafi, tun daga watan Janairu har faɗuwar ruwan farko. A shekarar 1995 ya kashe mutane da yawa cikin Nijar. A 2010 aka kawo allurar rigakafin wani iri nashi, ciwon ya ragu ƙwarai. Amma a 2015 wani iri daban ya ɓullo, ya yi ɓarna a Yamai da Doso.

Yau ba zancen waɗanda suka mutu za mu yi ba. Zancen waɗanda suka tashi ne. Cikin mutum 5 da suka warke, kamar 1 yana tashi da wata naƙasa. Wadda ta fi yawa ita ce kurumta.

Ga yadda abin yake faruwa. Yaro ya dawo daga likita, kowa na murna. Bayan kwana biyu uwa ta kira shi, bai waiwayo ba. Uba ya aike shi, ya tsaya yana kallo. Sai a ce ya yi taurin kai, a kama dukanshi. Wasu su ce iska ce ta shafe shi. Ba taurin kai ba ne, ba iska ba ce. Ciwon ne ya lalata can cikin kunne, inda ido ba ya gani.

Ƙaƙa za mu gane?

Ku zaunar da yaro yana wasa. Mutum guda ya tsaya bayanshi, taki biyu, ya buga kwano da cokali. Kada yaron ya gan shi, kada ya ga inuwarshi. Kada a buga ƙafa ƙasa, don kurma yana jin motsin ƙasa a jikinshi. A gwada ta dama, a gwada ta hagu. In bai waiwayo ba, a koma likita cikin satin nan, a gaya wa majo. Shi zai duba, in ya kama ya tura ku babban asibiti inda ake auna ji.

Wani kunnen mugunya ce kawai ta toshe shi, wannan yana da magani. Kada ku zuba mai ko ruwan ganye, kada ku sa tsinke. Amma mu faɗi gaskiya: kurumtar da sanƙarau ya kawo, yawanci ba ta warkewa. Mun ga uban da ya sayar da akuyoyi uku da damen hatsi ashirin yana yawon neman magani, har shekara biyu. Kunne bai buɗe ba, kuma cikin shekara biyun nan ba wanda ya koya wa yaron komi.

Magana da yaro

Nan ne babban aiki yake. Yaron da ya iya magana kafin ciwo, maganar tana nan cikin kanshi. In an daina yi mishi magana, sannu sannu za ta ɓace. Saboda haka ku ci gaba. Ku taɓa kafaɗarshi tukuna, ya dube ku. Ku durƙusa daidai tsawonshi, haske ya faɗa bisa fuskarku. Ku yi magana a hankali, baki ba goro, ba taba. Ihu ba shi da amfani, yana karkata baki ne kawai. In ya amsa da murya mai ƙarfi ko wata iri, kada a yi dariya. Ba ya jin kanshi.

Ku haɗa da hannu. Ku nuna ruwa, ku ce “ruwa”, ku yi alamar sha. Haka tuwo, haka barci, haka ciwo. Kowa cikin gida ya samu alamarshi. Wasu na tsoron cewa maganar hannu za ta hana yaro maganar baki. Ba ta hanawa. Abin da ke cutar yaro shi ne ya girma ba wannan, ba waccan.

Ba sai kun ƙirƙiro duka da kanku ba. Kusan kowace kasuwa akwai babban kurma, wani tela, wani mahauci, wani mai gyaran keke. Ku gayyato shi gida. Shi ne malaminku, kuma in yaro ya gan shi da sana'a da iyali, hankalinshi zai kwanta. Naku ma haka.

Mutane na cewa uwa kaɗai ke gane maganar bebe. To, ranar da uwa ta tafi daka ko ta kwanta haihuwa fa? Uba, kai ma ka koya. Yayye da ƙanne su koya, su ne ma suka fi saurin ɗauka. Kuma a daina ɗora wa uwa laifi. Ba ita ta kawo sanƙarau ba.

Akwai haɗari biyu da za a kula. Na farko hanya: ba ya jin mota, ba ya jin babur, ba ya jin shanu sun taso. A koya mishi duba dama da hagu tun yana ƙarami. Na biyu ya fi shafar ɗiya mata. Mugun mutum ya san yarinya kurma ba ta iya kai ƙara. Uwa ta koya mata alamar “a'a”, da alamar da za ta nuna in wani ya taɓa ta. In ta nuna, a yarda da ita.

Kada a ba shi ƙoƙon bara. Hannunshi lafiya, idonshi lafiya, kanshi lafiya. Ya je gona tare da uba, ya koyi ɗinki ko sassaƙa. Akwai lakwal ta kurame a Yamai, akwai a Maraɗi da Damagaram. In sun yi muku nisa, ku ga mushen garinku, ya zaunar da shi gaba, inda zai ga bakinshi da allo.

Ku ƴan yaƙi da jahilci, ga aikinku na wannan sati. Ku ƙidaya yara kurame na garinku da na ruggagen kusa, ku rubuta sunan kowa da shekarunshi. Ku kai wa mai gari da majo takardar. Sannan ku tara iyayen ranar kasuwa, ku karanta musu wannan shafi, kowace uwa ta nuna wa sauran alamun da take yi da ɗanta.