Takardar Lokacin Yaƙin Basasa: In Sayar ko In Adana?

Tambaya: Malam, a akwatin mahaifinmu marigayi, tsohon soja, na tsinci takarda mai sa hannun Janar Yakubu Gowon ta shekarar 1968. Wani dillali a Tarauni ya ce zai kai ta gwanjo. In ba shi?
Daga mai karatu, Gyadi-Gyadi, Kano.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku. Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Takardar nan kayan gado ce, don haka sai magada duka sun amince kafin a sayar.

Sannan ka tabbatar da ingancinta. Gowon ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975, an kuma gwabza yaƙin basasa daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Takardun gwamnati da yawa hatimi ko bugun inji suke ɗauke da shi, alhali masu saye sa hannun alƙalami suke nema. Darajar takarda tana ga abin da ta ƙunsa da tarihin yadda ta zo hannunku. Shi ya sa a 2010 aka sayar da kwafin shelar 'yanta bayi mai sa hannun Abraham Lincoln na Amurka fiye da dala miliyan 3.

Kai ta Arewa House ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, masana su duba. Kada ka liƙe ta da leda mai zafi. Ka ɗauki hotonta, ka nesanta ta da danshi da gara. Kada ka saki ta asali ga dillali sai da yarjejeniya a rubuce da shaidu.