Karanta wa Yara Labarun Aljannu

'Yan'uwana masu shirin koyarwa, na sha jin ana cewa littattafan aljannu ɓata lokaci ne. Ni ban yarda ba. A nan Mubi yara da yawa ba da Hausa suka buɗe baki ba, da Fulatanci ne ko Guɗe ko Fali. Labari mai daɗi shi ke jan su ga karatu.

Ga yadda ni kan yi. In ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, in karanta da ƙarfi. Da Malam Zurƙe ya shiga uku, sai in tsaya cak. Mai son ƙarashen, to, ya karɓa ya karanta mana. In ya yi tuntuɓe kada ku katse shi, gyara sai ya kai aya.